Za mu Turai da bazara: ya zan raba kwanaki tsakanin zumunci da ganin gari?

Baban Khalifa, Tudun Jukun

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zuwa Turai ko suke zaune a can.

In Allah Ya yarda ni da uwargida muna da niyyar tafiya a ƙarshen Yuli, da zarar an ba yara dogon hutu, mu kai su wajen kakarsu a cikin birnin Zariya. Abin da zan iya yi ban leƙa shago ba bai wuce mako uku ba. Aikin ɗab'i nake yi a Sabon Gari, kuma da an doshi komawa makaranta aikin littattafan rubutu da rasit da katin sakamako yake taso mana, a nan muke samun na shekara.

Mutum uku ne suka sa na fara tara kuɗin tafiyar nan. Na farko aminina ne tun muna sakandare, yana zaune kusa da birnin Bon a Jamus da iyalinsa. Rabon da mu ga juna ido da ido tun rasuwar mahaifiyarsa, da ya zo aka yi zaman makoki ya koma. Ƙaramin ɗansa sunana aka sa masa, yaro har ya shiga makaranta ban taɓa riƙe hannunsa ba, sai dai a ɗaga masa waya a ce gaida mai sunanka. Na biyu wanda muka zauna ɗaki ɗaya da shi a Samaru lokacin muna jami'a, yanzu yana Saint-Denis a gefen Faris. Ta uku 'yar yayar uwargida ce da take karatu a Barlin, uwarta kuwa ta riga ta gaya mana in ba mu je mun gano mata ita ba kada mu zo mata da wani labari.

Sai kuma wani buri nawa ni kaɗai. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a zaurukan Unguwar Kona ya yi karatun nahawu, kuma duk sanda zai biya mana baiti a Alfiyya sai ya tuna mana cewa mai littafin nan mutumin Andalus ne, a ƙasar Sifaniya ta yau. Ya rasu bai je ko'ina a wajen ƙasar nan ba sai Makka. Tun ina yaro sunan biranen Andalus ɗin, Ƙurɗuba da Garnaɗa, suke kunnena, ina so in taka wuraren da ƙafata.

Ga inda na tsaya. A taswira duk garuruwan nan kusa da juna suke, amma na san taswira ba ta nuna gajiya. Kowa na kira sai ya ce "ka taho kawai, gida ai naka ne." To mu Hausawa mun san kara, ba wanda zai buɗe baki ya ce maka ka yi masa nauyi ko da a falo yake kwana saboda kai. Ba na so in je in takura mutane, ba na so kuma in sauka a otal a ce na yi girman kai na ƙi gidan ɗan'uwa. Uwargida ita ma tana da nata: tana son ganin hasumiyar Eiffel da idonta, kuma gwiwarta ba ta son doguwar tafiyar ƙasa.

Don Allah wanda ya sani ya gaya mini ofishin jakadancin wace ƙasa zan nemi biza tunda ƙasa uku ce, kwana nawa ya dace baƙo ya yi a gidan mutum a can, wace tsaraba ake bari a shiga da ita, sannan yaya ake yi da salla, don aminina ya ce wai ƙarfe tara na dare rana tana nan. Ku gaya mini gaskiya ko ba daɗi. Na gode.

Ɗan Samaru, yana karatu a Jamus

Wa alaikumus salam Yaya. Allah Ya sa a zo lafiya. Bari in ɗauki ɓangaren takardu da hanya, shi na fi sani.

Biza ɗaya ce, ta Shengen, za ta shigar da ku Jamus da Faransa da Sifaniya, har Beljiyam da Holan in kun so. Ingila ba ta ciki, tata daban ce. Ƙa'idar ita ce ka nema a wajen ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun zo daidai sai ƙasar da za ka fara sauka. Saboda haka sai ka gama raba kwanakin kafin ka cike fom, kuma abin da ka rubuta ya dace da tikitinka da masaukinka. Kuɗin bizar yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024. Dole kowannenku ya yi inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Ana karɓar takardu tun saura wata shida a yi tafiya, ni dai shawarata kada ka jira bayan ƙaramar salla ko wani abu, masu nema da bazara suna da yawa. Ka haɗa da takardar rajistar shagonka da bayanan asusun banki, don babban abin da suke dubawa shi ne shaidar cewa kana da abin da zai dawo da kai gida.

In a gidan amininka za ka sauka kuma shi zai tsaya maka, akwai takardar da zai je ofishin kula da baƙi na garinsu ya sa wa hannu, sunanta Verpflichtungserklärung. Zai nuna albashinsa, ya biya yuro 29, ya ɗauki alkawarin duk wani kuɗi da zamanka zai jawo yana wuyansa. A Faransa kuma mai masauki yana zuwa ofishin magajin gari ya karɓi attestation d'accueil. Na faɗi wannan ne don ka san "taho kawai" ɗin nan akwai zirga-zirga a bayanta, ka ba su lokaci.

Hanya kuwa jirgin ƙasa ya fi. Kolon zuwa Bon bai kai rabin awa ba. Kolon zuwa Faris ta Burusel awa uku da 'yan mintoci a Eurostar, ya sauke ka a tashar Gare du Nord, daga nan Saint-Denis tafiyar mintoci ce. Kolon zuwa Barlin awa huɗu da wani abu a jirgi mai gudu, ICE. Kuɗin tikiti yana hawa ne yadda ranar take matsowa, wanda ya saya tun da wuri zai iya biyan rabin abin da na ranar zai biya. Kuma jiragen nan na Jamus suna makara fiye da yadda ake ba da labari a gida, kada ka haɗa canjin jirgi da tazarar minti biyar alhali kuna jan akwatuna.

Tsaraba: kilishi, dambun nama, man shanu, duk abin da yake nama ne ko nono, doka ta hana shiga da shi Tarayyar Turai daga waje. In aka gani za a karɓe a lalata, wani lokaci har da tara. Na san da zafi, kilishi ne abin da kowa yake fara roƙo.

Maganar Andalus, ka yi haƙuri Yaya, ni da zan ba ka shawara da ka bar ta sai wani zuwan. Daga Jamus ko Faris sai an hau jirgin sama, kuma Ƙurɗuba a Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 40. Ga Anti da ciwon gwiwa. Gari uku da mutum uku sun ishi mako uku.

Maman Iman, 'yar Ƙofar Doka, mazauniyar Kolon

Yaya Baban Khalifa sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba da ladan zumunci. Tunda ka ce a faɗa maka gaskiya, bari in yi magana a matsayin wadda ake sauka a gidanta.

Gidajenmu a nan ƙanana ne. Mai 'ya'ya uku in ya samu ɗaki uku da falo ya gode Allah. Ba zaure, ba ɗakin baƙi, ba tsakar gida. In baƙo ya zo, ɗakin yara ake ba shi, su kuma a shimfiɗa musu a ɗakinmu ko a falo. Maigida ba ya iya tashi da safe ya ce yau na yi baƙi ba zan je aiki ba, hutun shekara tun watanni kafin lokaci ake rubuta shi a wajen aiki. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke a Jamus in ban da na manyan tashoshin jirgi, don haka cefanen baƙo tun Asabar ake yin sa. Daga ƙarfe goma na dare doka ce a rage hayaniya, maƙwabcin da ke ƙasanku zai iya ƙwanƙwasa ƙofa in dariya ta yi yawa. Duk wannan gaskiya ne.

Amma wallahi Yaya ba ɗaya a cikinsu da yake mana nauyi. Abin da yake ci mana rai daban ne. Shi ne baƙon da zai iso da daddare, gari na wayewa ya rataya jaka ya fita, sai bayan isha'i ya dawo a gajiye ya ci abinci ya kwanta, rana ta uku ya ce a raka shi tasha. Ka buɗe Facebook ka ga hotunansa gaban gine-gine, ba ko ɗaya da yaranka. Kai kuma ka ɗauki hutu, ka share mako kana shiri. Ba ka isa ka yi magana ba, sai dai bayan ya tafi ku kalli juna kai da maigida.

Yunwar da muke yi a nan ta hira ce. Mutum ya zauna da wanda ya san iyayensa, a yi ta ambaton sunayen unguwanni, a tambayi wane yana nan, wance ta aurar da 'yarta, har yanzu ana cinkoso a Kwangila. Bara wata gwaggon maigidana ta zo. Ba ta damu da fita ba. Da hantsi sai ta shigo kicin ta jawo kujera ta zauna, ta ce a ba ta muciya, ta tuƙa tuwon semo da kanta ta kaɗa miyar kukar da ta zo da ita, tana yi tana ba Iman labarin yadda ake hawan salla a ƙofar fada. Yarinyar da in na yi mata Hausa take mayar mini da Jamusanci, kafin Gwaggo ta tafi ita ce mai durƙusawa ta ce "ina kwana Gwaggo, an tashi lafiya." Abin da na yi shekaru ina fama a kai ke nan.

Saboda haka ni shawarata ka ba amininka mako guda cur ko fiye, kuma ka tabbata Asabar da Lahadi biyu sun faɗo a ciki. Kada ka ji tsoron za ka rasa ganin gari, ku fita tare ne kawai. Babbar majami'ar Kolon tana jikin tashar jirgi, kana fitowa za ka ɗaga kai ka gan ta, tsayinta mita 157, an fara ginin a 1248 ba a gama ba sai 1880. Akwai matakala 533 zuwa sama, wannan kai da mai sunanka za ku hau, Anti ta zauna bakin kogin Rhine da matar gida su sha iska. Ranar Juma'a ku je babban masallacin unguwar Ehrenfeld, na Turkawa ne, ginin kankare da gilashi, cike yake da mutane daga ko'ina. A Bon ɗin kanta, wadda ita ce fadar gwamnatin Jamus ta Yamma kafin haɗewar ƙasar a 1990, nan gidan rediyon DW yake, inda sashen Hausa da muke ji tun muna yara yake watso shiri. Daga nan akwai jirgin ruwa zuwa Königswinter, a hau dutsen Drachenfels a ƙaramin jirgin ƙasa ba sai an taka ba.

Kada ka miƙa wa mai gida kuɗi, zai ji kunya ya ƙi. Ka bi shi shagon Turkawa ranar cefane, in an zo biya ka riga shi. Anti ta shiga kicin kamar gidanta. Ku tambayi yadda ake raba shara, don a nan takarda daban, roba daban, ragowar abinci daban, kuma gorar ruwa ba a yar da ita, ana mayarwa kanti a karɓi santi 25. Ku riƙe ƙaramar gora a jaka saboda banɗakunan waje ba buta.

Abu na ƙarshe, ka kira na Faris ɗin ka tambaye shi takamaiman ranakun da yake gari. Yuli da Agusta lokacin hutun makaranta ne a nan ma, da yawanmu lokacin muke kwasar yara mu taho gida.

Baba Malam, Kwarbai

Ɗana Baban Khalifa, Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa karatun da ya yi ya zame masa haske. 'Yata Maman Iman ta yi magana mai kyau, ka riƙe ta. Amma ban yarda da yaron nan na Samaru ba a kan Andalus. Wani zuwan ba a hannunka yake ba, kuma kuɗin jirgi ba sauka yake yi ba. Na je bayan na yi ritaya, da ƙafafun da suka fi na matarka tsufa, kuma na dawo lafiya.

Mahaifinka ya faɗi daidai. Ibn Malik mai Alfiyya a Jayyan aka haife shi, garin da yau ake kira Jaén, gabas da Ƙurɗuba, daga baya ya yi gabas ya rasu a Dimashƙa. Mai littafin Tuhfa da alƙalanmu suke hukunci da ita, Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ne. Mai tafsirin nan da ake ce wa Ƙurɗubi sunan garinsu ne ya bi shi. Mu mutanen Zazzau da aka san mu da nahawu, rabin abin da muke haddacewa a zaure daga wannan ƙasa ya taso.

Masallacin Ƙurɗuba Abdurrahman na Farko ne ya fara gina shi wajen shekarar 785, waɗanda suka gaje shi suka yi ta faɗaɗawa. Ta farfajiya mai itatuwan lemo ake shiga. Kana tsallaka ƙofa daga hasken rana sai ka tsinci kanka cikin inuwa mai sanyi, ginshiƙai fiye da 800 a jere, kowane biyu an ɗora musu baka a kan baka, ja da fari. Na tuna da bakan gizon da magini Babban Gwani ya ɗaure a Masallacin Juma'a na nan Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, shi da ƙasa da azara, su da dutse da jan bulo, amma dabarar ɗaga rufi sama da kan masu sahu iri ɗaya ce. Ka nemi mihrabin da Hakam na Biyu ya ƙawata, ayoyi ne aka jera da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, in ka natsu za ka iya karanta su. Sai dai ka shirya zuciyarka. Tun 1236 da garin ya fita hannun Musulmi wurin ya koma coci, a ƙarni na 16 kuma aka gina babbar majami'a a tsakiyarsa. Ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, masu gadi suna lura. Kada ka ja da kowa. Ka yi wa mahaifinka addu'a a zuci, ba mai hana ka wannan.

Garnaɗa ita ce ta ƙarshe a hannun Musulmi, ta faɗi a 1492. Fadar Alhamra tikitinta yana ƙarewa da bazara tun da sauran makonni, don haka ka saya ta intanet kana Zariya. Akwai lokacin shiga ɗakunan sarakunan Banu Nasr a rubuce a jiki, in ya wuce ba za a bar ka ba, kuma ka riƙe fasfo don suna dubawa. A bangon za ka ga an sassaƙa "wa la galiba illallah" ba iyaka, duk inda ka juya. In ka fito ka hau unguwar Albaicín da ke fuskantar fadar. Akwai masallaci a can da aka buɗe a 2003, a nan na yi magariba, ladan ya kira salla fadar tana gabanmu. Hawan akwai tudu, amma ƙananan motocin haya na gari suna kaiwa har sama.

Zafi gaskiya ne, sai dai busasshe ne, kuma mutanen garin sun san maganinsa: a fita da sassafe, daga azahar a shige ɗaki har bayan la'asar, da yamma a sake fitowa. Ka kama otal mai na'urar sanyi. Ka lura da abinci, naman alade ya yi yawa a Sifaniya, a rataye za ka gan shi a shaguna. Ka haddace jamón da cerdo, in ka gan su a takardar abinci ka wuce. A Garnaɗa akwai layin masu shayi na 'yan Maroko a gindin Albaicín, can za ku ci halal.

Salla kuwa, amininka bai ƙara gishiri ba. A Kolon da Faris farkon bazara rana ba ta faɗuwa sai goma saura, isha'i ta kusa sha biyun dare, alfijir ya keto tun wajen ƙarfe uku. Zuwa Agusta abin yana ɗan sassautawa. Kai matafiyi ne, kana da ƙasaru, amma a mazhabarmu in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari to ka cika salla. Ke nan a gidan amininka cikawa za ka yi, a Ƙurɗuba ka yi ƙasaru. Ka bi jadawalin masallacin unguwar da kake. Alƙibla a can kudu maso gabas take, kada ka fuskanci gabas yadda ka saba.

In ka je Barlin gano yarinyar nan, ka ce ta kai ka titin Wilhelmstrasse. A nan Turawa suka zauna daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 suka tsara yadda za su raba Afirka, ba ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Ginin ba ya nan, allo ne kawai a bakin titi. Minti goma sun isa, daga nan Ƙofar Brandenburg 'yar tafiya ce.

Hajiya 'Yar Sabon Gari

Ni saƙona ga uwargida ne, Alhaji ka karanta mata. Hajiya ki sayi takalmi mai taushi marar tsini tun a nan, ki fara yawo da shi kafin tafiya. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Faris matakala ne birjik, da yawa ba na'urar hawa, don haka ki ce a hau bas, kina zaune kina kallon gari. Hasumiyar Eiffel tun 1889 take tsaye, mita 330, akwai lifta amma layi yana da tsawo, a sayi tikiti mai lokaci. In ba ki son hawa, daga dandalin Trocadéro ta fi kyan gani. Jaka a gaba, zif a rufe, masu yankan aljihu sun fi yawa a inda baƙi suke taruwa, kuma duk wanda ya miƙo miki takarda ki sa hannu ko zare ya ɗaura miki a hannu ki wuce abinki.

Hijabi ba mai hana ki a titi, niƙabi ne doka ta hana a Faransa tun 2011. Ku yi salla a Babban Masallacin Faris, an buɗe shi a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙin duniya na farko, akwai lambu da wurin shan shayi a jikinsa. Gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ranar Talata. In kewar gida ta taso a je unguwar Château Rouge, har kuɓewa da manja da busasshen kifi za ki samu.

Baban Khalifa, Tudun Jukun

Jama'a Allah Ya saka da alheri, kun yi mini abin da ban zata ba. Baba Malam na gode da addu'a, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Daren jiya na kira aminina na ce masa ba kwana uku zan yi ba, kwana goma nake so in yi a gidansa in ba takura. Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sai ya ce ai tun da na fara maganar zuwa ya ajiye hutunsa na bana bai taɓa ba, yana jin nauyin tambayata ne kada in ga kamar yana so ya tsare ni. Matarsa ta karɓi wayar ita da uwargida suka shiga lissafin abin da za a dafa. Maman Iman, maganarki ce ta jawo wannan.

Na Faris kuma da na matsa masa da tambayar ranaku, ashe tsakiyar Agusta zai kawo iyalinsa gida, kuma ɗakinsu biyu ne kacal. Mun daidaita: za mu kama ƙaramin otal kusa da shi kwana uku kafin ya taso, kullum a gidansa za mu ci abincin dare, in ya iso Najeriya kuma shi ma sai ya kwana a Tudun Jukun.

Tsarin ke nan yanzu. Daga Abuja mu sauka Frankfurt, mu wuce Bon. A tsakiyar mako, ranakun da aminina zai leƙa aiki, mu je Barlin mu kwana biyu mu gano 'yarmu mu dawo. Daga nan Faris, sai jirgin sama zuwa Malaga, mu yi Garnaɗa da Ƙurɗuba, mu hau jirgin ƙasa zuwa Madrid mu kamo hanyar gida. Ɗan Samaru ka yi haƙuri ban bi taka a nan ba, amma na bi ta a kan biza: ta Jamus zan nema tunda can kwanakin suka fi yawa, kuma na fasa sayen kilishin da na yi niyya. Uwargida ta ce in gaya wa Hajiya ta ji, gobe za ta shiga kasuwa neman takalmin.

Saura tambaya ɗaya. Ina so in ɗinka wa mai sunana kaftani da hula, da 'yan'uwansa mata atamfa, ban san awonsu ba kuma ba na so in tambaya don kada su gane. Sannan in kilishi ya fita, me zan cika akwatin da shi?

Maman Iman

Alhamdu lillahi Yaya, na ji daɗi ƙwarai. Awon kam ka bar wa mata, Anti ta tambayi matar gida a ɓoye tsayin kowane yaro da santimita, iyaye a nan sun san shi don da shi ake sayen kayan yara. Ka ce tela ya ƙara ɗan tsawo, kafin Agusta sun ƙara girma. Akwati kuwa kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin ƙuli, garin kunu, tsamiya, turaren wuta, sai daddawa. Ita daddawar a daka ta ta bushe sosai, a zuba a roba mai murfi, a naɗe da leda biyu, kuma kada ta kwana akwati ɗaya da kaftanin yaron. Ranar da za ku zo Juma'a Ehrenfeld a sanar da ni, gidanmu ba nisa, abincin rana a wajenmu za ku ci.